Yadda Na Bi Kwas ɗin Kwantam Makaniks Mai Zurfi, Daga Sayen Fom Zuwa Ganin Sakamako

A watan da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya kira ni a waya, ya ce ya sayi fom ɗin digiri na biyu a fiziks, yana so ya ji ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai kwantam makaniks mai zurfi, wato reshen fiziks da ke bayanin halayen atam da ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa, shi ne ke kayar da mutane tun a zangon farko. Na fara ba shi amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin katin waya. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru da ni daki-daki, don shi da duk wanda ke kan wannan hanya. Na gama digirina na farko a 2018, na yi hidimar ƙasa, sannan na kama koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a garinmu. A aji uku da aji huɗu na jami'a mun yi kwantam, kuma na ci shi da maki mai kyau. Abin da muka yi a lokacin shi ne warware lissafin Schrödinger: ƙwayar da aka kulle a akwati, ƙwayar da ke lilo, da atam ɗin haidurojin wanda matakinsa na ƙasa yake a −13.6 eV (eV ma'aunin makamashi ne a matakin atam). Na haddace hanyoyin, na san inda ake fara kowace tambaya da inda ake dire ta. Da wannan guzurin na tunkari digiri na biyu, zuciyata a kwance, ina ganin ai ɗori ne kawai za a yi a kan abin da na sani.

A ƙarshen 2021 wata jami'ar tarayya da ke nan arewa ta buɗe sayar da fom. Na je kafe, aka buɗe mini shafi a fotal ɗin makarantar karatun gaba da digiri, aka fitar mini da lambar biyan kuɗi ta Remita, na kai banki. Fom ɗin ya ci mini naira 10,000 da 'yan kai na cajin banki da ladan mai kafe. Bayan biya sai ka koma fotal ka cike bayananka, ka ɗora takardu: shaidar digiri, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta ɗauke maka ita, sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, da hoton fasfo. A nan na fara cin karo. Sunan mahaifina a takardar sakandare an rubuta shi da wani salo, a takardar digiri kuma da wani, bambancin haruffa biyu ne kacal. Mai kafe ya ce ba komai, ni ma na yarda da shi. Daga baya, ranar tantancewa, wannan haruffa biyun suka mayar da ni gida, sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Aikin wuni guda ne da kuɗi kaɗan, amma da yake a ƙurarren lokaci na yi shi, ya cinye mini kwana huɗu da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Abin da ya fi kowanne cin rai shi ne tiranskirif, wato cikakken bayanin makin da ka samu a kowane kwas tun daga aji ɗaya. Ba a ba ka shi a hannu. Tsohuwar jami'arka ce ke aika shi kai tsaye zuwa sabuwar. Na biya kuɗinsa, aka ba ni rasit, aka ce in dawo bayan mako biyu. Da na dawo sai aka ce fayil ɗina bai taso daga sashe ba. Na je sashe, jami'in jarrabawa ya yi tafiya. Na sake dawowa, aka ce an haɗa, saura sa hannu. Wani dattijon masinja da ya ga ina ta zarya ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kana zuwa kana tambayar ko an gama. Ka riƙa tambayar a teburin wa yake yanzu, sai ka je can." Na ce, "Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri." Daga ranar na daina tsayuwa a taga ɗaya, na bi takardar daga tebur zuwa tebur, kuma cikin mako guda aka aika. Gaba ɗaya mako shida ta ɗauka. A tsakanin nan na bi malamaina uku da za su tsaya mini shaida, biyu suka cike fom ɗinsu nan take, na ukun sai da na tuna masa sau biyu, kuma ban ga laifinsa ba, don ɗalibai irina sun yi masa yawa.

Sunana ya fito a jeri na biyu a farkon Janairun 2022. Na yi murna ƙwarai, mahaifiyata ta sa mini albarka, amma jeri na biyu yana nufin wasu sun riga ka shiga aji. Na biya kuɗin amsar gurbi, na je tantancewa da takardun asali da fotokwafi uku-uku a cikin fayil, na biya kuɗin makaranta, na kai rasit ofishin kuɗi aka buga hatimi, na je asibitin makaranta aka auna ni, sannan na cike fom ɗin kwasa-kwasai. Wannan fom sai kodinetan sashe ya sa hannu, shugaban sashe ya sa, shugaban tsangaya ya sa, kafin ka mayar da shi makarantar karatun gaba da digiri. Kowane sa hannu yana da ranarsa. A zangon farko an ɗora mana dabarun lissafi na fiziks, da ilimin lantarki da maganaɗisu mai zurfi, da makaniks na ƙididdiga, sai kwantam makaniks mai zurfi, mai nauyin yunit uku, kuma na dole ne, ba ka da damar kauce masa. Kafin in gama zagayen ofis-ofis an yi lacca biyu ba ni. Na ari littafin wani na kwafa, ina rubuta alamomin da ban taɓa gani ba.

Ranar da na fara shiga ajin, mu goma sha ɗaya ne a wani ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya. Ina jiran in ga lissafin Schrödinger a allo, sai Farfesa ya koma kan gwajin da Otto Stern da Walther Gerlach suka yi a Farankfot a 1922, don waɗanda suka makara irina. Ya zana tanda da ake gasa azurfa har atam ɗinta su fita kamar tururi, su bi ta wata 'yar tsaga, su ratsa tsakanin maganaɗisun da ƙarfinsa bai zama ɗaya ba daga sama zuwa ƙasa, su faɗa kan gilashi. Kowane atam na azurfa tamkar ƙaramin maganaɗisu ne. A hankalce, tunda sun fito daga tanda kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, ya kamata su bazu a gilashin daga sama har ƙasa. Amma gida biyu kawai suka rabu, wasu sama, wasu ƙasa, tsakiya wayam. Har nan ina biye. Sai ya ce mu ɗauka an tare na ƙasa, an bar na sama kaɗai sun shiga na'ura ta biyu wadda aka kwantar da ita a gicciye. Sun sake rabuwa biyu, dama da hagu. A tare na hagu, a bar na dama su shiga na'ura ta uku mai tsayuwa irin ta farko. Ya juyo ya tambaye mu me za a gani. Na ɗaga hannu na ce duk sama za su yi, tunda tun farko an tace na ƙasa an zubar. Ya ce, "Malam, haka hankali ya ce. Amma rabi sama za su yi, rabi ƙasa." Awon da aka yi a gicciye ya shafe labarin awon farko gaba ɗaya. Na zauna shiru. Shekara biyu ina karanta kwantam, na ci jarrabawarsa, ina ma koya wa yara tsarin atam, amma wannan magana mai sauƙin faɗa ba ta taɓa shiga kaina ba.

Daga nan sai ya shiga rubutun da Paul Dirac ya ƙirƙiro a 1939, wanda ake kira ket da bira. Halin da atam yake ciki ana rubuta shi a cikin wata 'yar alama mai kama da bakin kibiya, ita ce ket, kuma ana ɗaukarta a matsayin bekta, wato abu mai tsawo da alƙibla kamar kibiya. Duk abin da za a iya aunawa, ƙarfi ne ko wuri ko sifin (halin nan da ke sa atam ɗin azurfa yin sama ko ƙasa), yana da matiriks ɗinsa, wato lambobi da aka jera layi-layi, kuma amsoshin da awo zai iya bayarwa su ne ƙimomin asali na wannan matiriks. Littafin Sakurai muke bi, wanda shi ma da gwajin azurfar ya buɗe. Na kai shi wurin masu fotokwafi na bakin ƙofa aka buga mini babi biyar na farko aka ɗinke. A mako na uku aka ba mu aikin gida: ga matiriks ukun Pauli, kowanne layi biyu ne a tsaye biyu a kwance, a nemo halin sifin da ke fuskantar wata kusurwa da aka ba mu. Na kwana biyu a kai. Abin da na sani na haɗawa da rarrabewa a kalkulas bai yi mini rana ba ko kaɗan. Na samu maki 3 cikin 10.

Na ɗauki takardar na je ofishin Farfesa, na jira a benci kusan awa biyu har ya gama da ɗaliban digiri na uku. Na shiga na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a nuna mini inda na kauce, don na yi iya ƙoƙarina." Bai duba takardar ba. Ya jawo wata farar takarda ya rubuta matiriks mai sifili da ɗaya a layin sama, ɗaya da sifili a layin ƙasa, ya ce in fitar masa da ƙimominsa na asali da bektocinsu. Na fitar da ƙimomin, ɗaya da ɗebe ɗaya, amma a kan bektocin na tsaya ina juya biro. Ya ce, "Ka ga inda ciwon yake. Ba kwantam ne ya gagare ka ba, aljabarar bekta da matiriks ce ba ka da ita. Yaushe rabonka da ita?" Na ce tun aji biyu. Ya ce, "To koma can. Wanda bai iya baƙi ba, ba a ɗora masa farfaru." Na fito raina a jagule. Ina da iyali, ina koyarwa kwana uku a mako, ga kwas huɗu a kaina, ina zan samu lokacin komawa aji biyu? A hanyar gida har na yi tunanin in jingine karatun zuwa baɗi.

Bayan 'yan kwanaki, ranar 14 ga Fabrairun 2022, malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. An fara da cewa na mako huɗu ne, aka yi ta ƙarawa, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Ba zan ɓoye ba, wata biyun farko ban buɗe littafi ba. Na koma koyarwa da harkokin gida, ina cewa sai an dawo. Wata 'yar ajinmu ce ta tashe ni, wadda digirinta na farko a lissafi ta yi kafin ta juyo fiziks. Ta buɗe mana zaure a WhatsApp ta ce ita za ta ɗauke mu aljabara, mu kuma mu ɗauke ta abin da ta rasa na fiziks. Mu biyar muka amsa. Kowace Asabar da daddare sai ta turo tambayoyi goma, mu warware a takarda mu ɗauki hoto mu mayar, ta gyara da jan biro ta dawo mana da shi. Mun fara daga tushe: mene ne filin bekta, yadda ake ninka bekta biyu a samu lamba, lambobi masu haɗe da tushen ɗebe ɗaya, matiriks na Hermite da dalilin da ya sa ƙimominsa ba sa zama sai lambobin gaske, matiriks da ke juya bekta ba tare da ya canja tsawonta ba, da yadda ake sauya ma'auni daga wani zuwa wani. Ni kuma na haɗa da laccocin kwantam da jami'ar MIT ta Amurka ta saka kyauta a YouTube. Da tsakar dare nake sauke su saboda data ta fi arha, in an ɗauke wuta in kai wayar wurin mai caji da safe.

Wajen wata na biyar ne abin ya buɗe mini, kuma ina tuna daren. Ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i da fitilar caji, ana yayyafi, ina bin wani lissafi da ke nuna alaƙar ket da igiyar Schrödinger da na saba da ita. Sai na ga ashe igiyar nan ba wani abu daban ba ce, ket ɗin ne dai aka bayyana shi da ma'aunin wuri. In ka bayyana shi da ma'aunin ƙarfin tafiya, ka sami wata igiyar, in da ma'aunin makamashi, ka sami jerin lambobi. Kamar gida ɗaya ne, wani ya yi maka kwatancensa daga kasuwa, wani daga tasha: kalmomin sun bambanta, gidan bai motsa ba. A nan na gane dalilin da ya sa matiriks ɗin da Heisenberg ya zo da su a 1925 da igiyar da Schrödinger ya zo da ita a 1926 suke ba da amsa ɗaya. Na kuma gane gwajin azurfa: matiriks na sifin tsaye da na sifin gicciye, in ka ninka wannan da wancan, ba ya zama daidai da in ka ninka wancan da wannan, don haka babu halin da zai ba ka tabbacin duka biyun a lokaci guda. A makon na ɗauko matsalar ƙwaya mai lilo, wadda a digirin farko take cin shafi uku na kalkulas, na warware ta a rabin shafi da dabarar tsani, ofareta ɗaya na hawa da kai mataki, ɗaya na sauko da kai, har ka tarar da matakin da babu na ƙasa da shi. Na kira 'yar ajin namu mai koya mana aljabara na ce mata na gani. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, to sai ka koya wa sauran ranar Asabar."

Kwana goma kafin a janye yajin aiki, ranar 4 ga Oktoba, aka sanar da lambar Nobel ta fiziks ta 2022 ga Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger, saboda gwaje-gwajensu kan ƙwayoyin haske masu sarƙe da juna, waɗanda suka tabbatar da karyewar iyakar da John Bell ya fitar a 1964. Da muka koma aji Farfesa da wannan labari ya buɗe, ya ce abin da muke fama da shi a allo shi ne ake ba wa mutane lambar yabo a kai. Sai dai lokaci ya ƙure, an matse zangon, lacca ta koma sau biyu a mako, wani lokaci har Asabar. Muka shiga ƙarfin juyi da yadda ake haɗa biyu su zama ɗaya. Teburin Clebsch da Gordan ya wahalar da kowa, kuma kuskuren da na yi shi ne na so in haddace shi. Ba a haddace shi. Ka koyi gina ƙaramin da hannunka, sifin rabi da sifin rabi, ka ga yadda hali huɗu ke rabuwa uku a gefe guda ɗaya a gefe guda, sauran sai ka iya karanta su daga tebur. Wannan rabuwar ce tsakanin sifin na ilektaron da na furoton a haidurojin take haifar da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21 da masu nazarin sararin samaniya ke amfani da ita wajen gano fasalin taurarinmu. A nan ne kuma muka ga cewa ƙwaya mai sifin rabi in ka juya ta zagaye ɗaya, digiri 360, ket ɗinta da alamar ɗebewa yake dawowa, sai an yi 720 yake komawa yadda yake, kuma an gwada haka da niyutiron a 1975 aka ga gaskiya ne.

Ɓangaren da ya fi shiga raina shi ne dabarun kusantar amsa, domin a nan na san cewa matsalolin da ake warwarewa daidai-wa-daida a kwantam ba su da yawa. Da zarar ka bar haidurojin ka je hiliyam mai ilektaron biyu, hanya ta toshe, sai dabara. An ba mu shi a aikin gida, kuma har yau ina da takardar. Abin da aka auna a ɗakin gwaji na matakin ƙasa shi ne kusan −79.0 eV. In ka yi kamar ilektaron biyun ba sa turin juna, lissafi zai ba ka −108.8, ka yi nisa da gaskiya. In ka ɗauki turin a matsayin ƙaramin gyara ka ƙara shi a mataki na farko, wato dabarar fatabeshan, sai ka dawo −74.8. In kuma ka bi dabarar kintace, ka ce kowane ilektaron yana kare wa ɗan'uwansa wani kaso na cajin tsakiya, ka bar cajin ya zama abin nema, ka lalubo inda makamashi ya fi yin ƙasa, sai cajin ya fito kusan 1.69 maimakon 2, makamashin kuma −77.5. Da biro da takarda, a ɗakina, na zo kusa da abin da na'ura ta auna da tazarar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Na daɗe ina kallon lambar. A wannan aikin na samu 9 cikin 10, a gwajin tsakiyar zango kuma na haura rabi da tazara mai kyau.

Sauran manhajar da gudu aka bi ta: sauyin hali idan abin da ke taɓa atam yana canjawa da lokaci, ƙa'idar zinariya ta Fermi, warwatsuwar ƙwayoyi da kusantarwar Born, da ƙwayoyi masu kama ɗaya da hanin Pauli. Lissafin Dirac na 1928, wanda ya haɗa kwantam da ƙa'idar Einstein har ya yi nuni da fositiron, takwaran ilektaron mai akasin cajinsa, da Carl Anderson ya gano a 1932, lacca biyu kawai ya samu, kuma ina ganin an tauye shi. A daidai lokacin ne aka shiga ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Akwai ranar da na tsaya a tasha da kuɗi a asusu amma babu na hannu, direba ya ce ba ya karɓar taransifa, na rasa laccar warwatsuwa. Sannan aka rufe jami'o'i saboda zaɓe daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, jarrabawarmu ta koma cikin azumi. Kafin a ba ka katin jarrabawa sai an duba rasit ɗin kuɗin makaranta, da fom ɗin kwasa-kwasai mai cikakken sa hannu, da halartar aji da ta kai kashi 75 cikin 100. Wani abokin karatunmu sai a makon ya gano ba a mayar da fom ɗinsa makarantar karatun gaba da digiri ba, ya yi kwana uku yana bin ofisoshi lokacin da muke bita.

Jarrabawar awa uku ce, da rana, ga zafi ga ƙishirwa. Tambaya shida, a amsa huɗu. Ta farko a kan sifin rabi a cikin maganaɗisu ce, a nuna yadda yake kewayawa da lokaci, kusan irin wadda ta ba ni 3 cikin 10 a bara. Na yi bisimilla na fara da ita, na gama cikin minti ashirin da biyar. Na yi ta haɗa ƙarfin juyi, na yi ta fatabeshan a kan matakin haidurojin na biyu a cikin filin lantarki, inda hali huɗu ke da makamashi ɗaya sai ka gina matiriks ka warware. Ta huɗu na zaɓi warwatsuwa, a nan laccar da na rasa ta nuna kanta, na kai rabi na tsaya. Na rubuta matakan da zan bi da lokaci ya isa, na miƙa. Sai jira. Sakamako yana bi ta zaman sashe, ya je tsangaya, ya je hukumar karatun gaba da digiri, sannan majalisar jami'a ta amince, kuma kowanne yana da ranar zamansa. Sama da wata uku muka yi. Da aka liƙa na wucin gadi a allon sashe sai na ga 44 a gaban lambata, alhali makin tsallakewa a wannan mataki 50 ne. Gabana ya faɗi. Na je wurin kodineta na ce, "Yallaɓai, ina roƙon a duba mini, ina zaton akwai abin da bai shiga ba." Da aka buɗe takardar sai aka ga gurbin gwajin tsakiyar zango babu komai. Allah ya taimake ni na adana takardar gwajin mai jan biron Farfesa. Na rubuta wasiƙa ta hannun shugaban sashe na haɗa da kwafinta, bayan mako biyu aka gyara, makin ya koma 62. A cikinmu mu goma sha ɗaya, huɗu sai da suka maimaita kwas ɗin, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin zauren Asabar.

Da za a mayar da ni baya, ranar da na sayi fom ita ce ranar da zan ɗauko littafin aljabarar bekta da matiriks. Tsakanin sayen fom da shiga aji akwai wata biyu zuwa uku da mutum ke ɓatarwa a jiran tiranskirif da jerin sunaye, kuma wannan lokacin ya isa. Ni yajin aiki ne ya ba ni wata takwas, kuma ba abin da zan yi wa kowa fata ba ne, don ya ƙara mana shekara guda a karatu da kuɗin haya da na mota, wanda ya ninka bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Makin da ka samu a kwantam na digirin farko kada ya ruɗe ka, domin wancan yawancinsa kalkulas ne, wannan kuwa aljabara ce. Ka nemi abokan karatu tun makon farko, musamman wanda ya fito daga sashen lissafi, kuma ku riƙa warware tambayoyi da hannu kuna gyara wa juna, don kallon lacca a waya yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai taɓa biro ba. Ka je ofishin malami da takardarka a hannu da tambaya takamaimai. Ta fuskar takardu kuwa, ka jera su yau ka duba sunanka da ranar haihuwarka harafi-harafi, ka nemi tiranskirif tun kafin a buɗe fom in jami'arka na yarda, ka ɗauki hoton kowane rasit da kowane fom bayan kowane sa hannu, kuma kada ka yar da takardar gwaji ko aikin gida da aka yi wa maki sai sakamakon ƙarshe ya fito.

Shi ɗalibin nawa na tura masa matiriks ɗin nan da Farfesa ya rubuta mini, mai sifili da ɗaya a sama, ɗaya da sifili a ƙasa, na ce ya fitar da ƙimominsa da bektocinsu, ya daidaita tsawonsu ya zama ɗaya, ya nuna cewa a gicciye suke da juna, duk ba tare da buɗe littafi ba. Ya turo amsa washegari, ƙimomin daidai, bektocin da gyara. Mun sa ranar Asabar bayan isha'i za mu fara, daga ma'anar filin bekta.